Ga Aiki Ga Girki: Yadda Nake Rubuta Littafi Har In Kai Ƙarshensa

Kusan kowane mako sai wata ta turo mini saƙo iri ɗaya: "Anti, wallahi ina da labari a kaina, ta ina zan fara?" Da can ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina amsawa, har bakina ya gaji da maimaita magana. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wadda ta sake tambaya in miƙa mata. Da mace nake magana don mata ne suka fi tambayata, amma namijin da ya ga abin ɗauka ya ɗauka.

Ni malamar firamare ce a Kano. Ina da 'ya'ya huɗu da abokiyar zama, kwana bibbiyu muke girki. Littattafai bakwai na rubuta, biyu sun fito a takarda, sauran a waya aka karanta su. Akwai ɗaya a cikinsu da nake jin kunyarsa har gobe, kuma kusan duk abin da zan gaya miki a jikinsa na koya.

Shi ne na uku. Babi biyar kacal nake da su a hannu na buɗe zaure a WhatsApp na fara saki, kullum feji ɗaya bayan la'asar. Makon farko daɗi kamar me. Yabo ta ko'ina, ana ta "Anti Allah ya ƙara basira", ni kuwa kai ya kumbura. Kafin mako na uku ajiyata ta ƙare, na koma abin da na rubuta da dare shi zan saki gobe. In na makara da awa ɗaya wayata ta dinga kuka ke nan: "Anti feji", "Anti yau lafiya kuwa?" Daga nan masu karatu suka ƙwace linzamin. Tun farko na tsara mijin jarumar zai rasu a tsakiyar labari, sai aka yi mini ca: "Wallahi in kika kashe shi mun daina karantawa." Na tsorata, na ja masa rai har babi goma marasa amfani, ana ta zuwa biki ana cin kaji. Da na ga labarin ya ƙi gaba ya ƙi baya dai na kashe shi, sannan na shiga sauri don in huta, na ɗaura wa matar aure da amininsa.

Washegari wata dattijuwa 'yar Zariya ta kira ni. Tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, tana cikin zauren tun farko ba ta taɓa cewa uffan ba. Muka gaisa, ta tambayi maigida da yara, sannan ta ce, "'Yata, na zauna na ƙirga. Ya rasu ranar ƙaramar salla, kin ɗaura aure kwana uku bayan babbar salla. A wace mazhaba ake aurar da mai takaba wata biyu da rabi bai cika ba?" Na yi tsit. Na san takaba wata huɗu da kwana goma ce, wace 'yar Musulmi ce ba ta sani ba? Ƙirgawar ce ban yi ba, don ban bar wa kaina lokacin ƙirga ba. Fejin kuwa ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba, magana zarar bunu.

Tun ranar na kafa wa kaina doka, ita ce kuma nake fara ba kowa: kada ki saki ko layi ɗaya sai kin rubuta ƙarshen labarin da hannunki. Sauran bayanin duk hanyar isa can ne.

Lokacin

Wadda ke jiran ranar da za ta samu sarari ta zauna ta yi littafi, jiran gawon shanu take yi. Rubutun Hausa ma tun asali aikin masu wani aiki ne. A 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta haifi littattafan ƙagaggun labarai na farko da boko, Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Balewa kuma a Midil ta Bauchi. Malaman aji ne suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Balaraba Ramat Yakubu kuwa tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta nemi karatun da kanta, amma littafinta na 1990 har Indiya aka buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. In na tuna wannan sai in ji kunyar cewa ba ni da lokaci.

Nawa lokacin bayan sallar asuba ne. In na idar na yi azkar, ina da kamar minti 45 kafin in tashi yara shirin makaranta. A kan dardumar nake zama, fitila mai caji a gefe, littafin rubutu irin na 'yan makaranta mai fallaye 80 a cinya. Shafi uku nake yi. Rubutuna ƙanana ne, shafi yana cin kalmomi kamar 170, kin ga kusan 500 ke nan a rana. Kwana biyar a mako 2,500, a mako 24 kin haɗa 60,000, littafi ne cikakke. Wannan a lissafi ne fa. Ranar girkina shafi ɗaya nake samu, wani lokaci rabi, don kafin gari ya waye na ɗora ruwan koko. Da azumi ba na rubutu sam, haka makon jarrabawa da cike katin sakamako. Yaro ya kwana da zazzaɓi, babu zance. Littafin da lissafi ya ce wata shida, ni wata tara ko goma yake ci. In ba a waɗannan lokutan ba, abin da ba na yarda da shi kawai shi ne kwana uku a jere ban buɗe littafin ba, ko da layi biyu ne zan sa, don in ya huce sai an sha wuya kafin ya sake ɗaukar zafi.

Da biro nake farawa ba da waya ba, kuma da dalili. Waya kasuwa ce. Kin buɗe da niyyar rubutu, sai ga hoton ankon bikin wance, sai ga rasuwa, kafin ki farga rana ta fito. Ranar Asabar da Lahadi nake kwafe abin da na yi a mako zuwa waya, kwafewar nan kuma ita ce gyara na farko, don jimlar da hannu ya yi ƙyuyar sake bugawa galibi ba ta da amfani. Duk Juma'a ki tura wa kanki abin da kika buga ta imel. Babi tara na taɓa rasawa ranar da autana ya jefa wayata cikin bahon wanki. Littafin biron ne ya cece ni.

Sai wata dabara da na koya a murhu. Kada ki tashi a inda zance ya ƙare. Ki tashi ana tsaka da magana, miji ya buɗe baki zai ba da amsa, ki rufe littafin. Kamar rufe garwashi da toka ne: gobe da asuba hurawa kawai za ki yi, ba neman ashana ba.

Kafin ki ɗora biro

Yawancin masu cewa suna da labari a kai, in na matsa musu sai in tarar farkon labari ne da kyakkyawan saurayi. Ga yadda nake gwada nawa. Ina samun wadda ba ruwanta da rubutu, misali mai yi mini kitso, in ba ta labarin a jimla uku kamar gulma: wance tana son kaza, kaza ya tare ta, ga abin da ta yi. In ta tsaya da kibiya a hannu ta ce "sai aka yi yaya?", akwai labari. In ta ce "Allah sarki" ta ci gaba da tsaga, in koma in sake tunani. Kuma dole in iya amsa mata har ƙarshe. Ba sai na san kowace kwana ta hanyar ba, amma garin da za ni na san shi.

Bayan haka ina sayen littafi na biyu, wanda nake kira littafin dangi. Kowane mutum a labarin yana da shafinsa: sunan yanka, laƙabi, shekaru, gari, sana'a, wa ya haifi wa, wa ke kiransa da wane suna, sannan a can ƙasa abin da yake ɓoyewa. Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya daɗewa a labarina. A tsakiyar littafin, inda fallaye biyu suka haɗu, nake zana kalanda: watan Musulunci a layi ɗaya, yanayin gari a ɗaya. Nan nake sa ranar ɗaurin aure, ranar da ciki ya shiga, haihuwa, suna a kwana na bakwai, arba'in, yaye, saki, idda. Kar ki sa a sha mangwaro ana tsakiyar hunturu, ko a gasa ɗanyar masara ana zafin bazara a ƙauyen da ba fadama. Ki tuna azumi yana matsowa da kamar kwana 11 duk shekara, saboda haka labarin da ya ci shekara goma, azuminsa na ƙarshe ya yi nisan kusan wata huɗu da inda na farko ya faɗo. Ƙaramin abu ne, amma akwai mai ƙirgawa, na gaya miki.

Abin da ba ki sani ba ki je ki tambaya. Labaranmu cike suke da rabon gado, amma sau nawa kika karanta an ba kowace mata tumuninta daban? Alhali in mamaci ya bar 'ya'ya, kashi ɗaya cikin takwas ɗin nan shi matan za su raba tsakaninsu, ko su huɗu ne. In bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa ba, rubu'i. Malamin Islamiyyar unguwarku zai warware miki wannan a zama ɗaya. In akwai shari'a a labarin, ki saka hijabi ki je kotu ki zauna a bencin baya kwana biyu, ki ji yadda alƙali ke tambaya da yadda mace ke amsawa murya ƙasa-ƙasa. In ciwo ne, ki nemi nas. Mun gaji da likitan da ke fitowa yana share gumi yana cewa "sai dai haƙuri" ba tare da an san me ya kama mara lafiyar ba.

Tunda na taɓo gajiya, bari in faɗi wadda ke cina. Buɗe littafi goma a waya, bakwai za su fara da katafaren gida a Maitama, da miskilin saurayi ɗan shekara 28 wanda likita ne kuma soja kuma mai kamfani a Dubai, da yarinya 'yar talakawa fara sol mai dara-daran idanu da gashi har gadon baya. Ban ce haramun ba ne, ni ma na yi a littafina na farko. Amma ba ki taɓa kwana a gidan nan ba, shi ya sa kike cika shafi da lissafin kujeru da labule. Gidan hayar da kika tashi a ciki, mai ɗaki takwas da banɗaki ɗaya, inda kowa ya san ranar da maƙwabciya ba ta ɗora tukunya ba, kin san shi har warin kwatarsa. Nan ne ba mai iya gasa da ke.

Kunne

Rabin aikin marubuci saurare ne. Cikin A Daidaita Sahu, layin awo, gidan suna, wajen markaɗe, ɗakin malamai lokacin tara: ina da ɗan ƙaramin littafi a jaka, in na ji magana mai gishiri in faki ido in rubuta. Ba sirrin mutane nake ɗauka ba, yadda suke juya harshe nake ɗauka. Wata rana a mota na ji wata tana ba da labarin kishiyarta, ta yi minti goma ba ta ambaci sunanta ba, "ita waccan" kawai take cewa, tana yi tana gyara mayafi. Wannan "ita waccan" ta fi mini shafi guda na bayanin ƙiyayya.

Bahaushe ba ya faɗin abin da ke ransa kai tsaye, musamman a gaban wanda yake jin nauyi, to don me mutanen littafinki za su yi? Uwa ta gargajiya ba ta kiran sunan ɗan fari, "kai" take cewa ko "wannan yaron". Matar kirki a gidajenmu da yawa ba ta kama sunan miji, Malam ne ko Alhaji ko Baban wance. Suruka ba ta zazzaga wa surukinta zance ido cikin ido, ta bayan labule ake yi ko a aiko ƙanwa. In kika sa yarinya ta tsaya gaban mahaifinta tana cewa "Baba ina son shi, ba zan iya rayuwa ba shi ba", kin fita daga gidan Bahaushe kin shiga fim ɗin wata ƙasa. Yarinyarmu shiru za ta yi, ta daina cin abinci, a ji a bakin gwaggo.

Ga misali daga abin da nake rubutawa yanzu. Miji ya shigo ya gaya wa matarsa zai ƙara aure. Da farko na rubuta:

"Ranta ya yi mummunan ɓaci, ta ji zuciyarta tana tafarfasa kamar za ta faso ƙirjinta, wasu zafafan hawaye suka zubo mata."

Ba ƙarya a ciki, sai dai an rubuta wannan jimla sau dubu kafin ni, kuma kowace mace za a iya liƙa wa ita. Ranar kwafewa na soke ta na sa:

"Ta ce, 'Allah ya sanya alheri.' Ta jawo farantin shinkafar da ta riga ta tsince tun la'asar, ta sake baza ta, ta fara tsincewa daga gefe. Ya jira ta ƙara wani abu. Can ta ce, ba ta ɗago ba, 'Gishiri ya ƙare.'"

Duk matar da ta karanta ta san abin da ke cikin gishirin nan, ba sai na faɗa mata ba.

Ki kula da karin harshe kuma. Basakkwace zai ce "munka tafi, anka yi", ya ce "awo" inda Bakano zai ce "e". Bazazzagi na iya cewa "matana" hankalinsa kwance. Kar ki cika baƙin mutum da su har karatu ya gagara, kalma biyu ko uku a bakinsa sun isa a gane daga ina ya fito. In ba ki zauna da mutanen wuri ba, ki ba ɗan wurin ya duba miki, don ba abin da ke ɓata wa mutum rai kamar a kwaikwayi harshen garinsu a karkace.

In ya cije a tsakiya

Zai cije. Ni a littafin biro na uku yake kama ni, wajen babi na 15. Ɗokin farko ya tafi, ba ki hango ƙarshe ba, kin fara jin labarin banza ne. A daidai lokacin ne sabon labari zai zo miki, sabo fil, yana ƙyalli. Ki rubuta shi a layi uku a bangon baya ki rufe. In na gaske ne zai jira. Ina da ƙawar da ke da farkon littafi goma sha ɗaya, ba ta da ƙarshen ko ɗaya.

Kada kuma ki nemi mafita da hatsarin mota, ko mantuwa, ko aljani da ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba sai yau. Ki koma littafin dangi ki duba layin ƙasa: wa ke ɓoye wani abu da har yanzu bai fito ba, kuma wa zai fi cutuwa in ya ji? Ki haɗa su a ɗaki ɗaya. Sau da yawa kuma cijewar alama ce cewa na yi ƙarya a baya, na sa wata ta yi abin da halinta ba zai ba ta ba don kawai labari ya tafi inda nake so. In na koma babi uku baya na gyara wurin, sai gaba ta buɗe da kanta.

Bayan kin rubuta Alhamdulillahi

Ki ɗaure littattafan a leda ki jefa ƙasan akwati wata guda. Ki yi ziyarar da kika daɗe kina ɗagawa. In kin dawo, ki karanta shi da ƙarfi, da baki, daga farko har ƙarshe. Hausa harshen kunne ce, kuma littafinki ma wataƙila a kunne zai ƙare, tunda gidajen rediyo a Kano sun daɗe suna karanta littattafai, yanzu kuma ga masu karantawa a YouTube. Duk inda numfashinki ya yanke kafin jimla ta ƙare, ta yi tsawo. Duk inda kika ji kunyar furtawa, ki tambayi kanki dalili. Da wannan nake auna maganar batsa ma, wadda ta zama hanyar tara masu biya a zaurukan yanzu: abin da ba zan iya karantawa a gaban yayata ba, ba na sa sunana a kai. Mu da muka ga an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano a 2007 mun san yadda laifin mutum biyar ke shafar marubuta ɗari.

Sannan ki yanke. Gaisuwar da ta ci rabin shafi, a bar layi ɗaya. Jerin abincin da aka jera a tebur, a bar wanda aka ci. Wa'azin da kika tsayar da labari don ki yi, a cire, in labarin ya isa zai yi da kansa. Nakan zubar da kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma ban taɓa kewar abin da na zubar ba.

Ƙa'idar rubutu kuwa ba ado ba ce. Ki sa Hausa a allon wayarki, Gboard yana da ita, ki daina rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya. Fada daban, faɗa daban. Baki daban, baƙi daban. "Ga shi nan" ba "gashi nan" ba ne, sai in suma kike nufi. "A kan tebur" rabe yake, "akan yi haka" haɗe. "Shi ne", "ita ce", "za ta", duk a rabe. In kina shakkar kalma, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, akwai kuma tsohon ƙamus na Bargery na 1934 da ake samu a intanet, wanda in na shiga neman kalma ɗaya sai in ɓata rabin awa ina kallon kalmomin da kakata ke faɗa. In kina son horo a kan taƙaita zance, ki gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016. Labarin da aka ce kar ya wuce kalma 1,500 zai koya miki wace jimla ce ke aiki, wace ce ke zaman kashe wando.

Kafin kowa ya gani, mutum biyu za su karanta. Ba ƙawar da ke sonki ba, ita "ya yi daɗi" za ta ce. Ki nemi wadda za ta iya ɓata miki rai.

Saki, da maganar kuɗi

Yanzu kina iya buɗe zaurenki ki dinga saki feji-feji, ki ja musu rai yadda kike so, tunda tukunyar ta riga ta nuna. In sun ce kar a kashe wane, ki yi musu dariya. Game da kuɗi, kar ki ajiye aikinki. Mutum ɗaya zai biya, ya tura wa zaure goma kyauta, wani ya haɗe shi ya ɗora a shafinsa, wani ya karanta a YouTube bai ko yi miki sallama ba. Doka tana gefenki: haƙƙin mallaka naki ne tun daga lokacin da kika rubuta, akwai dokar 2022 a kan haka da hukumar da ke kula da ita. Amma bin sawu aiki ne mai cin rai da kuɗin mota. Abin da nake yi shi ne in sa kwanan wata a saman kowane shafin biro, in adana littattafan, in kuma saka sunana a cikin kowane feji, ba a samansa kawai inda za a goge ba.

In takarda kike so, lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma in a Kano za ki sayar ki san cewa hukumar tace fina-finai ta jiha tana duba littattafai ma. Kada ki biya mai ɗab'i kuɗi duka a farko, kada kuma ki yarda a buga sai an ba ki kwafin gwaji kin bi shi shafi-shafi da yatsa. Littafina na farko, sai da aka kawo katan-katan gida na tarar daga shafi na 49 zuwa 64 a kife suke a kusan rabin kwafin, don shafi 16 ake bugawa a falle ɗaya a naɗe, in aka juya falle guda duk sun tafi. Mai ɗab'in ya ce ai masu karatu za su iya juya littafin. Har yau akwai katan biyu a ƙarƙashin gadona.

Dattijuwar nan ta Zariya ita ce mai karanta mini na farko yanzu, littafi huɗu ke nan. Ba ta son karatu a waya, sai na buga mata a takarda na ba direban mota ya kai mata, ta bi shi da jan biro. Na takwas yana hannunta tun makon jiya. Shekaranjiya ta kira bayan isha'i, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "'Yata, matar nan mai gishiri, a babi na 6 kin ce ba ta iya karatu ba. To wa ya karanta mata saƙon da ta gani a wayar mijin a babi na 22?" Na ce zan duba, Hajiya. Ta ce in duba da kyau, akwai saura, tana shafi na 140 ne tukuna.